Cuɗe Ni In Cuɗe Ka: Yadda Bin Masana Ya Koma Tara Mabiya

Wata sabuwar gaisuwa ta shigo manyan makarantunmu, tana neman ture tsofaffin. A da idan malaman jami'a biyu suka haɗu, bayan an tambayi iyali da gajiya, sai ɗaya ya ce, "Ina aka kwana kan binciken nan naka?" Yanzu kuwa abin da kunne ke ji shi ne, "Dakta, na bi ka a ResearchGate tun makon jiya, har yau ba ka bi ni ba." Da dariya ake faɗa, amma ƙorafin na gaske ne. Zaurukan WhatsApp na malamai sun cika da hotunan lambobi: wane ya tara mabiya dubu, an buɗe maƙalar wance sau dubu biyar. Sai a jera barka da addu'o'i har waya ta yi zafi. Da wuya ka ga wanda ya tambayi abin da maƙalar ta ƙunsa.

Mu da muke zaune tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, muke tura 'ya'yanmu da ƙannenmu waɗannan makarantu, muna da ta cewa. Wannan al'ada ta bi ni in bi ka tana cin ilimi kamar yadda gara ke cin azara: daga waje ɗaki lafiya lau, ciki kuwa ya zama gari. Ta mayar da kalmar "bi", wadda take da nauyi a tarihin karatun ƙasar nan, ta zama dangwala yatsa a kan gilashi. Kuma asarar ba a kan malaman kaɗai take tsayawa ba, tana gangarowa har kan ɗalibi, da manomi, da mara lafiya.

Mu fara da sanin kasuwar da ake wannan ciniki. ResearchGate kamfani ne da aka kafa a 2008, hedikwatarsa tana Balin ta ƙasar Jamus, kuma Ijad Madisch na cikin waɗanda suka kafa shi. A wannan shekarar ce Richard Price ya buɗe Academia.edu a Amurka. Duk da sunan nan mai kama da na jami'a, shi ma kamfani ne mai neman riba, har yana karɓar kuɗi kafin ya nuna maka wanda ya leƙa takardarka. Google Scholar ya fito a 2004, daga baya ya ba kowane mai bincike damar buɗe shafinsa, inda ake lissafa sau nawa aka ambaci ayyukansa. Sai ma'aunin h, wanda wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro a 2005: idan kana da maƙala goma waɗanda aka ambaci kowace aƙalla sau goma, ma'auninka goma ke nan.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke karanta maƙala ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ƙirge kawai suke yi. A ResearchGate, da zarar mutum ya buɗe shafin da ke ɗauke da take da taƙaitaccen bayani, an rubuta an karanta, ko da ya rufe kafin ya ƙifta ido. Kamfani yana son ka dawo kullum, don haka yake aiko maka da saƙo cewa wane ya bi ka, wance ta leƙa shafinka. Dabarar Facebook ce aka sanya wa rigar digiri. Ganin Dala kuwa ba shiga birni ba ne.

To, mene ne bi a wurin magabatanmu? Ƙasar Katsina ba baƙuwar ilimi ba ce. Tun ƙarni na 17 tana da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda ɗalibai ke niƙo gari daga nesa don su zauna gabansu. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya bi malamai a nan gida da Barno, ya wuce Makka, ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren masanin tarihin Masar. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ida'un Nusukh, don kawai ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta gaban kowannensu. Duba da kyau: sunan malami yana tafe da sunan littafi. Ba ka isa ka ce ka bi wane ba sai ka faɗi abin da ka sauke a gabansa.

Bin nan kuma bai hana gardama ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya girmama malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru matuƙar girmamawa, amma ya saɓa masa a rubuce kan batun kafirta mai aikata manyan zunubai. Ya iya saɓa masa ne saboda ya karance shi ciki da bai. Wanda bai karanta ka ba, ba zai iya gyara ka ba, yabonsa ma iska ne. A yau malami zai bi mutum ɗari takwas a shafi, ka tambaye shi hujja guda da ɗaya daga cikinsu ya kafa, ko kuskure guda da ya gano a aikin ɗayansu, sai ya hau kame-kame. Taron tsintsiya ke nan, ba shara.

Masu son lambobi za su ce ai lamba ba ta ƙarya. Bari mu ba su labarai biyu. A 2010 wani malamin jami'a a Faransa, Cyril Labbé, ya ƙirƙiro masanin bogi mai suna Ike Antkare. Ya sa kwamfuta ta harhaɗa masa takardu kusan 100 na shirme zalla, kowace tana ambaton sauran. Google Scholar ya haɗiye su, ma'aunin wannan mutum da ba a taɓa haifa ba ya kai 94, ya zarce na Albert Einstein a lokacin. A 2024 kuma wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Reese Richardson, ya ga ana tallar sayar da ambato a Facebook, sai ya gwada dabarar da kyanwar kakarsa mai suna Larry. Ya ɗora takardun bogi a ResearchGate, wasu da sunan kyanwar, wasu suna ambatonta. Ba a jima ba mage ta samu ambato 132 da ma'aunin h 11, kafin a farga a goge. Idan mage za ta iya samun abin da ake yi wa dakta barka a kansa, to, a sake duba barkar.

Shi kansa ResearchGate ya yi shekaru yana ba kowane mai shafi wani maki da ya ce yana auna darajarsa a duniyar bincike. Masana suka yi ta sukar makin, domin ba wanda ya san yadda ake lissafa shi, kuma yawan surutu a shafin yana ɗaga shi. A 2022 kamfanin ya soke shi baki ɗaya. Waɗanda suka ɓata shekaru suna kiwon wannan maki, har suna rubuta shi a takardar neman aiki, suka wayi gari hannu rabbana. Mai shago ya kwashe mudunsa ya bar 'yan awo tsaye.

Da abin ya tsaya kan tara mabiya, da sai mu ce wasan yara ne ya kama manya. Amma bi ni in bi ka ita ce ƙofar ambace ni in ambace ka, ita kuma ƙofar sa sunana in sa naka. Kowa a harkar ya san yadda ake yi. Abokai biyar su haɗa kai, kowa ya rubuta maƙala ɗaya ya jera sunayen sauran huɗun, a ƙarshen shekara kowa yana da biyar, kamar 'yan adashi. Ɗalibi ya sha rana yana tattara bayanai a ƙauyuka, ya kashe kuɗin da iyayensa suka sayar da akuya suka ba shi, maƙala ta fito sunansa yana na shida, bayan sunayen mutanen da ko ƙauyen ba su taka ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mai duba maƙala ya dawo da ita da sharaɗin sai an ambaci ayyukansa uku da ba su da alaƙa da batun. Duk don lamba ta hau.

A gefe kuma ga mujallun 'yan damfara suna jira da baki buɗe. Ka biya dala, cikin mako guda a buga maka duk abin da ka aika, a kira shi bugu na ƙasa da ƙasa. Wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, Jeffrey Beall, ya yi shekaru yana tara sunayen irin waɗannan mujallu, har ya rufe jerin nasa a farkon 2017. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya rubuta maƙalar bogi kan wani sinadari da wai yana kashe cutar kansa, ya cika ta da kurakuran da ɗan aji ɗaya zai gano, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Abin da ya kamata ya sosa mana rai shi ne, sunayen marubuta da cibiyoyin da ya ƙirƙira don wannan tarko, ya yi su ne da kamannin na Afirka. Duk malamin da ya kai kuɗinsa irin wannan mujalla, sannan ya ɗora takardar a shafi yana neman a danna masa, yana ƙara wa wannan kallon raini ƙarfi, kuma yana shafa wa takwarorinsa masu aikin gaskiya kashin kaji.

Ka tuna, mai karatu, waɗannan shafuka ba sa tace abin da aka ɗora. Ɗalibar da ke rubuta kundin kammala digiri a wayarta za ta ga takarda mai tambarin an karanta sau dubu uku, ta ɗauka gaskiya ce tsagwaronta, ta kwafe. Gobe ita ce malamar sakandare a Kurfi, ko jami'ar lafiya a Birchi, ko mai ba manoma shawara kan taki. Ƙaryar da aka buga don ƙarin girma ta bi ta hannunta ta shiga aji, ta shiga asibiti, ta shiga gona.

Sai kuma tambayar da ta fi damunmu: wa ake bi? Buɗe shafin matashin malami ka duba jerin. Farfesoshin Ingila da Amurka da Malesiya da Indiya, waɗanda ba su san da zamansa ba. Ba laifi ba ne a bi na nesa, ilimi ba shi da iyaka. Laifin shi ne a tsallake na kusa. Garin Dutsin-Ma kaɗai yana da Jami'ar Tarayya, wadda aka kafa a 2011 cikin sababbin jami'o'i tara na zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. A birnin Katsina ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam. Masana ɗaruruwa ke nan a kan titi guda, wanda ya ratsa ta Kurfi da Batagarawa. Me zai hana mai nazarin ƙasar noma a wannan makaranta ya san abin da mai nazarin ruwa a waccan ya gano? Me zai sa a yi ta maimaita bincike iri ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, a ƙauyuka iri ɗaya, kowa yana farawa daga tushe kamar ba a taɓa yi ba? Dalilin a fili yake: ambaton maƙwabci ba ya ƙara kwarjini, ambaton Bature yana ƙarawa.

Ga abubuwan da ke jiran a bi su nan a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ta shafe shekaru masu yawa ba a ci moriyarta yadda aka tsara ba. Wannan kaɗai ya isa a ce masu nazarin noman rani, da kiwon kifi, da tattalin arziki, da cututtukan da ke bin ruwa irin su tsargiya, suna karanta juna suna gina aiki kan aiki, shekara bayan shekara. Ga ƙuduji da ke shanye gero da dawa. Ga tsutsar masara da ta shigo Nijeriya a 2016. Ga matsalar 'yan bindiga da ta tashi ƙauyuka a Safana da Batsari da Ɗanmusa da Kurfi, ta hana noma, ta rufe makarantu, ta sauya farashin hatsi da yadda ake aure da yadda ake kwana. Wa zai rubuta wannan tarihi da hujja idan ba masanan da ke zaune cikinsa ba? Da ɗan gari akan ci gari.

An taɓa yin irin aikin a wannan ƙasa, ba tare da mabiyi ko ɗaya a intanet ba. Polly Hill, 'yar Ingila, ta zauna a Batagarawa a 1967, ta bi gida-gida da gona-gona, ta fitar da littafinta kan rayuwar karkarar Hausa a 1972, har yau ana komawa gare shi. Dakta Yusufu Bala Usman ya bi dattawa da tsofaffin takardu garuruwa da ƙauyuka kafin ya rubuta tarihin sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Marigayi Alhaji Ahmadu Kurfi, Maraɗin Katsina, wanda ya riƙe sakataren hukumar zaɓe ta ƙasa, ya zauna ya rubuta littafi kan zaɓukan 1959 da 1979 daga abin da ya sani da idonsa. Waɗannan mutane ƙafa suka sa, da kunne, da haƙuri. Masu tara mabiya nawa ne suka karanta ko ɗaya daga cikin littattafan nan uku daga bango zuwa bango?

Mun kuma ga ranar da lambobi suka kasa tsinana komai. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Watanni aka yi sai mutum ya yi tafiya kafin ya aika saƙo. A wannan lokaci mabiya dubu na Jamus da Malesiya ba su san an yi ba. Wanda ya rage wa mai bincike shi ne abokin aikin da ke ofis na gaba, da littafin da ke kan kanta, da dattijon da ya san tarihin garin. Zumunci a ƙafa yake, na ilimi ma haka.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce ɗakunan karatunmu ba su da sababbin littattafai, manyan mujallu kuma suna neman dalar da albashin malami ba zai iya biya ba. Ta ResearchGate malami a Dutsin-Ma zai roƙi marubuci a Kanada ya turo masa maƙala kyauta, kuma sau da yawa yakan turo. Za a ce mace mai bincike da ke da goyo, wadda ba za ta iya zuwa taro a Legas ba balle Landan, ta nan take jin abin da duniya ke ciki. Za a ce malamin da ya yi wata takwas a gida lokacin yajin aikin ASUU na 2022, ba albashi, ba kuɗin bincike, bai cancanci a zo ana masa wa'azi kan danna waya ba. Duk mun yarda. Shi ya sa ba mu ce a rufe shafi ba. Rijiya ce, a ɗebi ruwa a sha. Abin da muke ƙi shi ne a zauna bakin rijiya ana ƙirga guga, ana gasar wa ya fi yawan igiya, alhali gida ana ƙishirwa.

Za a kuma ce laifin na tsarin ƙarin girma ne, wanda ke ƙirga yawan maƙala ba ya duba nauyinsu. Wannan ma gaskiya ne. Amma su wa ke zama a kwamitocin? Ba aljanu ba ne, farfesoshi ne, waɗanda suka san bambancin aiki da holoƙo. Tun 2012 masana da masu buga mujallu suka fitar da sanarwar San Francisco kan yadda ya kamata a auna bincike, suna kira da a duba abin da aiki ya ƙunsa, a daina fakewa da makin mujallar da ta buga shi. Ba abin da ya hana majalisar kowace jami'a a jihar nan ta ce wa mai neman ƙarin girma: kawo ayyukanka uku da ka fi alfahari da su, za mu karanta, za mu yi maka tambayoyi. Ranar da aka fara haka, adashin sunaye zai watse da kansa.

Saboda haka ga kiranmu, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malamanmu, Allah ya ƙara sani, kafin ku danna bin wani, ku karanta aikinsa guda ɗaya har ƙarshe. Idan kun ga kuskure ku rubuta masa cikin ladabi, idan kun ƙaru ku faɗa masa inda kuka ƙaru. Mutum ashirin da kuke karantawa sun fi dubu da kuke tarawa. A cikin ashirin ɗin nan a samu na Katsina da Zariya da Kano da Sakkwato, a samu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda ƙasarsu da damunarsu irin tamu ce, ko da da Faransanci suke rubutu. Ku leƙa rumbun mujallun Afirka na AJOL, ku karanta mujallun da jami'o'inmu ke bugawa, ku ambace su idan sun cancanta, ku soke su idan sun yi sake. Sunan da bai yi aiki ba kada ya hau takarda, ko na shugaban sashe ne.

Ɗalibai, kada yawan mabiya ya ruɗe ku. Ku tambayi takarda: wa ya buga ta, wa ya tantance ta, a ina aka tattara bayanan, mutum nawa aka tambaya? Takardar da ta kasa amsa waɗannan, ku ajiye ta ko da an buɗe ta sau miliyan.

Sannan duk wanda ya yi bincike a kan mutanen Kurfi ko masuntan Zobe, ya dawo ya faɗa musu abin da ya gano, da Hausa, a gidan rediyo ko a zauren mai gari ko a shafi irin wannan. Su suka ba da lokacinsu da amsoshinsu, wani lokaci har da jininsu a kwalba. Suna da haƙƙin su ji sakamako kafin wani baƙo a Balin ya gani.

Mu kuma sauran jama'a, idan ɗan'uwa ya turo hoton lambobinsa yana jiran barka, mu yi masa barka, sannan mu ƙara da tambaya ɗaya: "Malam, me ka gano?" Mai aikin gaskiya zai ji daɗin tambayar, ya gyara zama ya yi bayani har mu gaji. Wanda kuwa ya tara mabiya kawai, zai ce mana data ta ƙare.